Filin Tambaya da Amsa: Yaushe ake sauya wa bonsai tukunya a nan Kumasi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shigowar ruwa. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato 'yan bishiyoyin nan na cikin kasko da ake ce ma bonsai, kuma ban yi mamaki ba tunda yanzu ne lokacinsu. Na tsamo waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina da wata 'yar cediya da na saya wajen masu fulawa na bakin titi shekara biyu da suka wuce, tun lokacin ban taɓa canza mata tukunya ba, yanzu in na zuba ruwa sai ya tsaya a sama ya ƙi shiga, ganyen kuma yana yin rawaya yana zuba. Na kalli wani bature a YouTube yana cewa sai ƙarshen sanyi kafin ganye ya fito ake yi, toh mu da ba mu da irin sanyinsu kuma ita ganyenta bai taɓa ƙarewa ba, yaushe zan yi? Daga 'yar uwarku a Aboabo.

Amsa: Ƙanwata barka kadai. Baturen nan gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ƙasarsu ce. A Japan da Ingila da irinsu bishiya barci take yi lokacin sanyi, ta zubar da ganye ta ajiye abincinta a cikin saiwa da gangar jiki, sai wajen Maris in gari ya fara ɗumi idon toho ya kumbura, a daidai nan ne take da ƙarfin da in an yanke mata saiwa za ta warke da sauri ta fitar da sabuwa. Kin ga ashe ba sunan watan ne abin lura ba, abin da suke jira shi ne lokacin da bishiyar ke shirin tasowa da ƙarfinta. Mu namu lokacin shi ne farkon damina. Cediya da durumi da ɓaure duk dangi ɗaya ne, ɗumi suke so da laima a iska, don haka a Kumasi daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, in ruwa ya sauka sau biyu uku kin ga sabon toho mai ɗan ja-ja ya fara leƙowa a bakin rassa, shikenan ƙofa ta buɗe. Mutanen Accra su ɗan ƙara haƙuri zuwa Afrilu don su ruwansu bai kai namu ba, mu a shekara muna samun wajen milimita 1,400 su kuwa da ƙyar yake wuce 800.

Lokacin da nake roƙon kowa ya guje ma shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Iskar nan busasshiya tana zuƙe ruwa daga ganye dare da rana, ke kuma kin rage saiwar da za ta mayar da shi, wallahi cikin sati ɗaya sai ki ga bishiya ta bushe a tsaye. Akwai wata 'yar dama a Satumba da ƙaramar damina, amma ni ban cika so ba sai in dole, saboda hunturu na nan tafe kafin ta gama murmurewa.

Taki kam alamunta sun nuna ta cika tukunya. Ki bar ta kwana ɗaya ba ruwa don ƙasar ta ɗan saki, ki shirya komai tun kafin ki zare ta, sabuwar ƙasa da kasko da almakashi mai kaifi da waya, kar ki cire ta sannan ki fara neman kaya saiwa na shan iska. A inuwa za ki yi, da safe ko bayan la'asar. In kin zare za ki tarar saiwa ta naɗe tana zagaye kamar gammo, sai ki samu tsinken cicinga ki riƙa tsefe ta a hankali daga gindi zuwa waje har ta miƙe tsohuwar ƙasa ta zube. Daga nan ki duba da kyau. Manyan saiwoyin da suka nufi ƙasa kai tsaye da masu kauri da suka yi tsawo su ake datsewa, 'yan siraran nan masu yawa su ne masu shan ruwa da abinci, su ake lallaɓawa. Duk wadda ta yi baƙi ta yi laushi tana wari ta ruɓe, cire ta. Gaba ɗaya kar abin da kika yanke ya wuce kashi ɗaya cikin uku, cediya tana iya jure fiye da haka amma tunda taki ta riga ta galabaita kar ki gwada ta. Farin ruwan da zai riƙa fita ba komai ba ne, zai tsaya da kansa, ki dai kiyaye idonki.

Ki rufe ramin kaskon da guntun ragar taga, ki zura waya ta ramin, ki zuba ƙasa ki ɗan tara ta a tsakiya, ki zaunar da bishiyar a kai ki baza saiwoyin ko'ina yadda tushensu zai ɗan fito a saman ƙasa, don wannan bazuwar ita ke sa ƙaramar bishiya ta yi kama da tsohuwa. Sai ki ɗaure ta da wayar nan tam. Mutane da yawa suna tsallake ɗaurin nan kuma shi ne rabin aikin, in bishiya tana girgiza duk sabuwar saiwar da ta fito sai ta tsinke, ga kuma iskar hadarin Afrilu kin san yadda take. Ki cika ƙasa kina soka tsinke don kar a bar rami a ciki, ki yi ta zuba ruwa har ya fito fes ta ƙasa. Sati biyu zuwa uku a inuwa mai haske inda iska ba ta bugu, taki kuma sai bayan wata guda in kin ga sabon ganye.

Abu na ƙarshe, kar ki haɗa mata da askin rassa da naɗin wayar lanƙwasa rassa a ranar. Ki ɗan rage ganyen da ya yi yawa kawai. Ko mutum ba a yi masa manyan tiyata biyu rana ɗaya, a bar ta ta farfaɗo tukuna, gyaran jiki ya biyo baya bayan wata biyu.

Tambaya: Malam ni matsalata ƙasa ce. Duk inda na karanta sai a ce akadama, na tambaya har kasuwar Kejetia ba wanda ya san ta. Ba zan iya amfani da baƙar ƙasar da masu fulawa ke sayarwa a buhu ba? Daga ɗanku a Asawase.

Amsa: Ɗana, akadama wata jar laka ce mai ƙwaya-ƙwaya da ake haƙowa a Japan, in ma ka same ta a nan kuɗinta sai ya fi na bishiyar, kuma ba ka buƙatarta. Abin da ake nema a wajenta shi ne ƙwayoyin su riƙe ɗan ruwa a jikinsu amma su bar sarari a tsakani iska ta shiga, don saiwa numfashi take yi. Baƙar ƙasar buhu kuwa a fili ko a babban bokiti ba laifi, amma a kasko mara zurfi da ruwan Yuni na Kumasi sai ta zama taɓo, ta toshe, saiwa ta shaƙe ta ruɓe. Ni a ganina baƙar ƙasa ta fi kowace cuta kashe bonsai a garin nan, mutum yana ganin gata yake mata alhali shaƙe ta yake.

Ga abin da muke da shi a kusa. Jan bulo ƙonanne ko fasasshiyar tukunyar ƙasa, ka daka su zama ƙwayoyi daga girman dawa zuwa girman wake, wato milimita 2 zuwa 6. Ƙananan tsakuwa ko jar marmara. Gawayi dakakke, amma wanda ba a zuba ma kananzir ba. Sai ɗan abin da zai riƙe laima, ɓawon kwakwa da aka yayyanka aka jiƙa aka wanke sosai don yakan zo da gishiri, ko takin ganye da ya ruɓe ya gama. Ni nakan ba da shawarar bulo kashi biyu, tsakuwa ɗaya, gawayi da ɓawon kwakwa su haɗu su yi ɗaya. Wanda yake Accra ko wanda ba ya wuni a gida ya ƙara ɓawon kwakwar kaɗan don kar ta bushe kafin ya dawo. Amma duk wanda ka haɗa, ka rairaye shi da rariya ka zubar da garin, ka wanke, garin nan shi ne mai toshewa.

Ka sani fa irin wannan ƙasar ba ta da abinci kuma tana bushewa da wuri, don haka ban ruwa kullum ne in ba a yi ruwan sama ba, lokacin zafi har sau biyu, kuma taki ya zama ɗan kaɗan a kai a kai. Busasshen kashin kaji da ya daɗe ko 'yan ƙwayoyin takin zamani NPK 15-15-15 a gefen kasko nesa da gindi sun isa. Kasko kuma ka leƙa wajen magina na Pankrono ka ce a yi maka mai faɗi mara zurfi da manyan ramuka biyu a ƙasa da 'yan ƙafafu, in ba hali ko asanka, wato kaskon ƙasan nan na niƙan kayan miya, aka huda tana yi.

Tambaya: Wani yana tallar irin bonsai a Facebook wai daga waje aka kawo, in saya?

Amsa: A'a, riƙe kuɗinka. Babu wani iri na musamman, kowace bonsai bishiya ce ta yau da kullum da aka hana ta girma ta hanyar yankan saiwa da rassa da ƙaramin kasko, in ka mayar da ita fili za ta tashi ta zama ƙatuwa. Ƙwallon tsamiya na kicin ɗinku iri ne. Reshen cediya ko durumi in ka sare ka kafa a damina kamawa yake, haka iyayenmu suka riƙa dasa su a ƙofar gida. Ka ma duba jikin tsofaffin katangu da bakin kwata, za ka ga 'ya'yan ɓaure da cediya da tsuntsaye suka shuka sun riga sun murɗe sun yi kauri saboda wahala, ka nemi izinin mai gida ka cire a hankali, sun fi abin da za a aiko maka a leda.

Tambaya: Kawu ina gaisuwa. Na naɗa ma bogenbiliyata, wato fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga, waya don in lanƙwasa rassan, biyu sun karye, sauran kuma da na kwance wayar sai na ga ta nutse ta bar tabo a jiki. Me na yi ba daidai ba, kuma ta yaya ake sanin reshen da za a bari da wanda za a cire? Daga ɗanku a Nima, Accra.

Amsa: Ɗana ina amsawa. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, toh a kan bogenbiliya wannan magana ba karin magana ba ce kawai, reshenta da ya yi ƙwari ƙaras yake karyewa ba gargaɗi. Sai kore ko wanda ya fara tauri ake naɗa ma waya, kuma ka hana ta ruwa kwana ɗaya kafin nan, reshen da ya ƙoshi da ruwa ya fi saurin ɓallewa. Manyan rassan kuwa ka ɗaura musu igiya ka ja su ƙasa ka ɗaure a jikin kasko, kana ƙara ja kaɗan kaɗan duk sati.

Wayar alminiyam ta fi dacewa da bishiyoyinmu masu taushin ɓawo, ana samu a wajen masu kayan lantarki, mutanen Kumasi kuma Suame Magazine, unguwar makanikai, ba abin da babu. Jan ƙarfe ya fi riƙewa amma sai an gasa shi a wuta ya yi ja ya huce sannan yake laushi, kuma da ka naɗa yake sake taurarewa, ga sabon hannu wahala ne. Kaurin wayar ya zama wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen. Ka fara kafa ta a jikin gangar ko ka haɗa rassa biyu da waya ɗaya, ka naɗa a karkace ba a kwance ba, kar ka matse, sannan ka sa manyan yatsunka a cikin lanƙwasar ka tanƙwara sau ɗaya, ba ka yi ta kai da komo ba. Tabon da ka gani kuma daɗewa ta yi. Littattafan waje za su ce wata uku ko shida, amma a daminarmu reshe yana kumbura da sauri, daga sati huɗu ka fara dubawa, da ka ga ta fara cizo ka sa filaya ka yanyanka ta gunduwa-gunduwa, kar ka warware. Tabon yakan shafe a hankali in reshen ya ƙara kauri.

Batun zaɓen reshe, ka ɗora kaskon daidai idonka ka juya shi a hankali har ka ga gefen da gindi ya fi faɗi kuma lanƙwasar gangar ta fi fitowa, nan ne fuskarta. Reshen farko mafi kauri ya fito wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, na biyu ta ɗaya gefen sama kaɗan, na uku ta baya don ta yi zurfi, a haka suna ƙara sirancewa har sama. Wanda ya miƙe sama ɗoɗar, wanda ya nufi ƙasa, wanda ya gitta wani, wanda ya tsone maka ido ta gaba, su ne na cirewa. In kana kokwanto ka rufe reshen da hannu ka kalla, in har yanzu ba ka tabbata ba ka bar shi zuwa baɗi, wanda aka yanke ba ya komawa. Sauran aikin almakashi ne, reshe ya yi ganye shida ko takwas ka mayar da shi biyu ko uku, daga wajen sai ya rabu biyu, haka ake samun cikar kai.

Bari in faɗi abin da ke raina a nan. Ina ganin yaranmu suna wahalar da tsamiya da cediya wai sai sun yi siffar bishiyar Japan mai tsini a sama. Don me? Mutanen Afirka ta Kudu sun daɗe da fitar da salon kansu, akwai na kuka, akwai mai shimfiɗaɗɗen kai irin na bishiyoyin ƙaya na daji da suka sa ma sunan mai zanensu Pierneef, kuma duniya ta karɓa. Mu ma muna da gamji da durumin ƙofar fada da tsamiyar bakin kasuwa, in ka hau motar Tamale ko Bolga ka riƙa kallon taga, in kana Accra ka ware rana ka hau Aburi ka ga lambun nan da aka buɗe tun 1890, ka tsaya ƙarƙashin tsofaffin bishiyoyi ka ga yadda rassa ke fita da yadda suke sunkuyawa da nauyinsu. Abin da idonka ya saba da shi za ka fi iya yinsa da kyau.

Tambaya: Malam, jikana ya cika min tsakar gida da waɗannan abubuwa. Ni dai ina ganin zalunci ne a hana bishiya girman da Allah ya ba ta. Daga wata Hajiya a Tafo.

Amsa: Hajiya ina gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya. Tausayin nan naki abu ne mai kyau kuma shi ake so mai wannan aiki ya kasance da shi. Abin da zan iya faɗa miki shi ne, wadda ake kula da ita yadda ya kamata ba yunwa ake sa ta ba, kullum tana samun ruwa da taki, yankan saiwar ma sabunta ta yake yi. Akwai wata a birnin Washington na Amurka da aka fara reno tun 1625, tana Hiroshima a gidan masu ita lokacin da aka jefa bam a 1945 ta tsira, aka ba Amurka ita kyauta a 1976, har yau tana raye, zuriya bayan zuriya suna miƙa ma juna ita. Inda zaluncin yake shi ne a sa ta a kasko a manta da ita, ko a kulle ta a falo kan tebur ba rana. In kin ga jikan naki yana haka ki yi masa faɗa da hujja. Ki kuma sa shi ya ɗaga su kan benci saboda awaki da ƙananan yara, musamman in akwai kariya a ciki, mai kumburarren gindi da jan fure, don ruwan jikinta guba ne.

Tambaya: Yaya, na taho da 'yar kuka daga Bawku, tun Disamba ta zubar da ganye duka, na yi ta ba ta ruwa safe da yamma amma shiru. Ta mutu ne? Daga ƙanwarka a Sabon Zongo.

Amsa: Ƙanwata ki dakatar da ruwan nan yau ɗin nan. Kuka da rani tsirara take zama ko a daji, hutu take yi, kuma jikinta cike yake da ruwan da ta tara, in ana ƙara mata a lokacin sai gindin ya ruɓe. Ki ɗan kankare ɓawon da farce, in kin ga kore a ciki tana da rai. Ki matsa gindin da yatsa, in da tauri lafiya lau, in ya lotsa toh ruɓa ta shiga, sai ki zare ta ki yanke duk wajen da ya lalace har ki kai ga fari mai tsabta.

In lafiyarta ƙalau, ki jira sai kin ga idon toho ya fara kumbura sannan ki sauya mata kasko. Za ki tarar da wata doguwar saiwa mai kauri a ƙasa, ana iya rage ta don ta zauna a kasko, amma a nan kuka ta bambanta da cediya, ba a mayar da ita nan take. Ki shafa toka ko garin gawayi a wajen yankan ki ajiye ta a inuwa kwana uku zuwa biyar ya bushe, sannan ki dasa a ƙasar da tsakuwa ta fi yawa, ki kuma jinkirta ruwa wasu 'yan kwanaki. Kar ki tsorata in sabon ganyen ya fito guda-guda ba mai yatsu biyar ba, haka ƙaramar kuka take yi. Tunda 'yar arewa ce ruwan Kumasi ya fi ƙarfinta, ki ba ta wajen da ya fi ko'ina rana a gidan, amma in Yuni ya kama ana kwana ana wuni ana ruwa ki jawo ta ƙarƙashin baranda, ki riƙa taɓa ƙasar sai ta bushe sannan ki zuba.